Garin Shinkafar Ponnammal

Shekara hamsin da biyu, rana ba ta taɓa fitowa ta tarar da ƙofar gidan Ponnammal babu zanen kolam a ƙasa ba. Ta share, ta yayyafa ruwa, ta duƙa ta ɗiɗɗiga garin shinkafa, sannan ta zagaye ɗigon da layi guda wanda ba ya yankewa. Kafin ta gama kitsa furannin da take sayarwa a Mailapur, kiyashi sun kwashe rabin zanen. Dama don su ake yi.

'Yarta Senbagam kuwa, digiri biyu a fannin zane, ko ɗigo uku ba ta iya haɗawa. Nata aikin daban ne. Tsohon ƙyauren gidansu ta ɗauko, ta manna masa tikitin bas da guntayen sari, zanen ɗaurawar kakarta, da wayoyin tagulla, ta kafa ƙaramin allo a tsakiya yana nuna hannun uwar yana zane. Shekara shida tana nema kafin a ba ta kusurwa a zauren baje kolin Mista Kuriyan. Abu ɗaya ya rage: kolam na gaske a gindin ƙyauren.

"Amma, ga garin farin dutse," ta ce wa uwar, da yake Amma suke kiran uwa a yarensu. "Da shi za ki yi. Kin ji ko?"

"Na ji."

Ta ji ɗin, sai dai a cikin jakarta akwai ƙullin garin shinkafa. Wa zai ci dutse? Jiya da yamma, da 'yar ta fita amsa waya, ta musanya abinta, ta zana kolam ɗin da garin shinkafa.

Yau ƙarfe sha ɗaya za a buɗe. Ƙarfe goma da kwata suka shigo suka tarar da Kuriyan a tsaye, gumi ya jiƙa masa riga. Layin kiyashi ya taso daga ƙarƙashin taga, ya ratsa gindin zane-zanen mutane, ya sauka a kan kolam.

"Madam, kin san me ke rataye a bangon nan? Takarda ce da yadi, aikin mutum tara! Ko a fesa magani yanzu, ko a fitar da ƙyaurenki. Zaɓi."

Senbagam ta tsuguna, ta dangwali garin ta kai harshe. Da ta ɗago, idanunta sun kaɗa.

"Amma. Me na ce miki?"

"Baƙina ne, Senba. Ni na kira su."

"Baƙinki! Shekara shida, Amma! Sau ɗaya a rayuwata na roƙe ki abu."

Kuriyan har ya ɗauko gwangwanin maganin yana girgizawa. Ponnammal ta dubi gwangwanin. Ta kira halitta cin abinci, sannan a kashe su a bakin kwano? Ta sha gabansa, 'yar tsohuwar da ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

"Ɗana, ajiye wannan. Ba ni minti ashirin."

"Sha biyar," ya ce, yana duban agogo.

Ba tsintsiya ta nema ba. Da gefen tafin hannu ta tattara zanenta, gari da kiyashi duka, ta juye a haɓar sarinta. Suna hawa hannunta suna cizo, ba ta kakkaɓe su ba. Ta fita ta zube a gindin darbejiyar da ke bayan tagar, ta ja siririn layin gari daga bango zuwa can, ta dawo ta goge hanyarsu da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan ta miƙa wa 'yar hannu ba tare da ta dube ta ba.

"Ba ni dutsen."

Garin ya yi mata nauyi a yatsu, yana zuba da sauri kamar yashi. Sau biyu layin ya nemi yankewa. Ta cije ta kai shi ƙarshe, ana jin motocin baƙi suna tsayawa a waje. Kolam ya fito tsaf, fari fat. Ita kam kunya ce ta rufe ta, kamar ta ajiye wa baƙo kwano babu komai a ciki.

Aka buɗe. Mutane suka taru a gaban ƙyauren, ana ta ɗaukar hoto. Ponnammal tana waje a gindin bishiya, tana sosa hannu, tana kallon kiyashi suna jan gari.

Can sai ga Senbagam ta baro baƙinta, da sarin siliki da komai, ta tsuguna a ƙasa.

"Ana neman ki a ciki. Sun ce kolam ya yi kyau."

"Wancan? Ko kiyashi ɗaya bai leƙa shi ba."

'Yar ta dubi layin kiyashin. Sai ta jawo ƙullin garin shinkafar, ta ɗebo da yatsu, ta ja layi a ƙasa. Ya fito a karkace, rabi tudu, rabi babu.

"Kai! Digiri biyu!" Ponnammal ta ɗaka mata duka a bayan hannu. Sannan ta kama yatsun 'yar ta haɗa su yadda ake riƙe gari. "Ɗigo ake farawa da shi. Yi a hankali, suna jira."