Ranar da Goggo Dije Ta Yi wa Surukata Ɗura

Duk wanda ya zauna a unguwar Dogo Nini ya san Goggo Dije ba ta karɓar jariri ta ce tubarkalla kamar sauran mutane. Sai ta fara kai hancinta bakinsa ta shinshina. Daga nan ta latsa cinyarsa da babban yatsa, yadda mahaifinta yake latsa bijimi a kara kafin ya taya, sannan ta ɗago ta kalli uwar. In ta ce "Madalla," kin tsira. In ta yi shiru, to ki fara duba inda kika ajiye takalminki.

Ƙanwar babana ce. A ruga ta tashi, wajen Damagum, ta shigo gari bayan shanunsu sun ƙare, amma ba ta taɓa yarda mutanen gari sun fi ta sanin raino ba. A wurinta ɗan maraƙi da ɗan mutum hanyarsu ɗaya: nonon uwa har ya yi ƙwari, abinci kaɗan-kaɗan, sai a sake shi ya yi tsalle.

Na tuna ranar da maƙwabciyarmu Talatu ta miƙa mata 'yarta da ko zama ba ta fara ba. Goggo ta shinshina ta ce, "Lemon kwalba."

"Wallahi Goggo ɗan ɗigo ne, kuka take ta yi."

"Ni ma tun da shanunmu suka ƙare nake kuka. Wa ya ba ni lemo?"

A gidan suna kuwa aikinta ɗaya ne. Ta bi ƙananan yara tana ƙwace biskit da alawa, tana maye musu da ayaba ko dafaffen dankali daga ƙullin mayafinta. Sai ta koma gefe ta tsotse alawar tas da 'yan haƙoran da suka rage mata. Na ce, "Goggo, ke da kike hanawa?" Ta ce, "Ni ginina ya tsufa, rushewa yake jira. Su yanzu ake aza musu tubali."

Amma abin da har gobe in na tuna tsigar jikina ke tashi, a gidan aurena ya faru, a unguwar Bolewa. Surukata Hajiya Binta, daga dangin fataken Kano, mutuniyar kirki ce, kuma ta ɗauki son duniya ta ɗora wa ɗana Sadik, jikanta na fari. Sai dai ita da ludayi take auna ƙauna. Safe da yamma ta kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta toshe masa hanci, ta kwarara kunu mai sukari da madarar gwangwani har ƙwaryar ta ƙare. Yaro ya yi ɓul-ɓul, wuya ya ɓace, kowa na cewa ga ɗan gidan wadata. Sa'anninsa kuwa sun daɗe da fara gudu, shi yana zaune. In an tsayar da shi sai ya zube yana haki. A asibiti suka ce ƙafafunsa lafiya lau, nauyi ne ya yi musu yawa. Na faɗa wa Hajiya cikin ladabi, ta ce ai su ba su saba ganin yaro mai ƙoshi ba ne. Matar ɗa ba ta jayayya da uwar miji, sai na koma ɗaki ina kuka. Tsorona ɗaya, kada yaron nan ya ƙi tafiya.

Ban san wanda ya kai wa Goggo labari ba. Sai ga ta da ƙullin kayanta, ta tarar ana tsakiyar ɗura. Ta gaida Hajiya tsaf, har da tambayar mutanen Kano, sannan ta ce, "Hajiya, yaushe za a kai shi kara?"

"Wa?"

"Bijimin nan. Na ga an turke shi ana kiwatawa."

Hajiya ta haɗe rai. "Haka aka yi mana, haka muka yi wa namu. Gata ne, Dije."

"Gata ne? To bari ke ma in yi miki gatan."

Ta ɗauke Sadik ta miƙo min. Kafin in gane me ake ciki ta cafke hancin Hajiya, Hajiyar da 'ya'yanta masu gemu ba sa iya kallon idonta, ta kafa mata ƙwarya a baki. Hajiya ta ƙware, tana tari, hawaye na zuba, kunu har kan mayafi. Ni dai ina tsaye, na riga na sallama aurena.

Goggo ta ajiye ƙwaryar a hankali ta ce, "Ke mai bakin magana ke nan. Shi wa zai faɗa wa?"

Hajiya ta daɗe tana kallon jikanta, ta share fuska, can ta ce, "Sukarin ma ya yi yawa."

Goggo ba ta koma gida ba, ba kuma wanda ya isa ya tambaye ta yaushe za ta koma. Ta samo ɗan ƙaramin kwano, kullum faten wake da zogale, ko kabewa, ko gwanda, ko kindirmo ba sukari. Ta bar shi ya ci da hannunsa, ya ɓata jiki son ransa, da ya kau da kai kuma an gama. Ta sa aka kawo ɗan akuya ta sake shi a tsakar gida don yaro ya sami abin bi. Sadik ya yi kukan biskit har muryarsa ta dishe, Hajiya na taya shi daga ɗaki. Sau ɗaya ta faki idon Goggo ta ba shi, Goggo ta shinshina bakinsa ta kalli ƙofar ɗakin kawai, ba a sake ba.

Kafin damina ta wuce, wata rana da hantsi Sadik ya kama bayan ɗan akuyar ya miƙe. Ɗan akuya ya yi gaba, yaro ya bi shi, hannu a sama, yana tangaɗi yana dariya. Hajiya ce ta rangaɗa guɗa. Goggo ko tsintar wakenta ba ta daina ba, ta ce, "To me kuke jira ya yi da ƙafar da ma?"

Bara Allah ya karɓi abarsa, Goggo ta rasu. Sadik yanzu saurayi ne, ya fi babansa tsawo, ba ya zama sai filin ƙwallo. Ina leƙe daga zaure aka ɗaga makara, na ga kafaɗarsa a gaba. Babansa ya ce min mutane sun yi ta miƙo hannu su karɓe shi, kamar yadda aka saba, ya ƙi saki har maƙabarta.

Allah ya jiƙan Goggo Dije, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Ya tsayar da ƙafafunta a ranar da ƙafafu ke zamewa, kamar yadda ta tsayar da na ɗana.