Hancin Tokie da Lemon Ƙaninta

A duk tsibirin Tanegashima babu mai hanci irin na Tokie Samejima. Mijinta Genzo, wanda masunci ne, yakan ce shekara talatin da biyar bai taɓa iya ɓoye mata komai ba. Ko kurɓi ɗaya na giyar dankali ya yi a hanya, tun bai cire takalmi ba za ta ɗaga murya daga kicin: "Gidan wa ka biya?"

Wannan hancin ne ya sama mata aiki a cibiyar harba roka da ke kudancin tsibirin. Can sama akwai tashar da 'yan sama jannati ke zaune wata da watanni, ba kasuwa ba rijiya, sai abin da aka aika musu. Jirgin dakon da ke kai musu ruwa da abinci da tufafi ba ya ɗaukar mutum ko ɗaya. Shi kaɗai yake tafiya, in an sauke kayansa a cika shi da shara ya ƙone a hanyar dawowa. Genzo, da ake hana shi fita teku duk ranar harbi, motar shara yake ce masa.

Kayan marmari su ake sakawa a ƙarshe, kuma sai sun bi ta hannun Tokie. Ta sa farar riga, ta rufe kanta, ta ɗauki albasa ko tuffa ɗai-ɗai ta juya, ta shinshina. Wanda ya bugu a cire shi kawai. Amma in aka samu ɗaya mai fumfuna, to akwatin gaba ɗaya ya koma wurin mai shi, don can sama ba taga ake buɗewa ba, iskar da ka shaƙa yau ita za ka shaƙa gobe.

Shekarar da ta cika sittin da biyu aka zaɓi lemon tsibirin ya tafi sama, karo na farko, kuma na gonar ƙaninta Shigeharu. Shekara uku bawan nan yana cike takardu, yana lallaɓa itatuwan da mahaifinsu ya dasa. Har ƙyalle aka rataya a ƙofar kantin ƙauye da sunansa. Da kansa ya kawo akwatin, sanye da kwat ɗin da ya yi aure da ita, maɓallin ciki ya ƙi rufuwa.

A lemo na goma sha tara Tokie ta tsaya. Fata sumul, ba tabo ko ɗigo. Ta sake shinshina gindinsa, ta ji warin fumfuna.

Shugaban sashensu, Kamizuma, ya karɓa ya duba a ƙarƙashin fitila. "Inna, ni fa ban ga komai ba."

"Ni ma ban gani ba."

Ya sassauta murya. "Kin san dai na wa ne?"

"Ni na goya shi, kai za ka gaya min?"

Takarda na gabanta. Da ta rubuta "buguwa", shi ke nan, a cire ɗaya a tura sauran, ba wanda zai taɓa sani. Ta daɗe riƙe da biro, tana jin haushin hancinta kamar ta yanke shi ta yar. Sai ta tuna mutanen da ba ta taɓa gani ba, a kulle a ɗaki ɗaya, suna buɗe jakar da ta ɗaure ba tare da sun duba ba, don sun yarda da wanda ya ɗaure. Ta rubuta "fumfuna".

Ba ta bari a buga masa waya ba, da ƙafarta ta je gonar. Shigeharu ya saurare ta har ta gama.

"Kin gani da idonki, Yaya?"

"Na ji."

"Kin ji! Shekara ukuna, da itatuwan Baba, a kan kin ji?" Ya juya mata baya ya ci gaba da aski a reshen da ba ya bukatar aski.

Aka maye gurbin akwatin da lemon wani tsibiri, aka sauke ƙyallen kanti. Kwana tara ba gaisuwa tsakaninta da ƙaninta. Tokie ta daina cin abincin kirki, har Genzo ya daina tsokanarta, ya koma dafa mata miyar kifi yana mita.

Ranar harbi, da hantsi, ƙauye ya hau tudu kamar kullum, da tabarmi da curin shinkafa da shayi. Tokie ta zauna nesa da mutane. Lasifika ta fara ƙirge ke nan sai ta ji an zauna kusa da ita, an yi nishi irin na masu ciwon gwiwa. Shigeharu ne, idonsa a kan teku.

"Jiya na buɗe akwatin nan," in ji shi. "Rabinsa ya yi kore shar."

Ta juyo ta zuba masa ido, ba ta sake waiwayar teku ba. Ƙasa ta girgiza, wuta ta tashi daga bakin teku, yara suka ɗauki ihu. Sai da ƙarar ta lafa ya ci gaba da magana.

"Na wanke rumbun sau biyu, ban gano ta inda yake shiga ba. Ranar Lahadi ki zo ki shinshina min shi, Yaya. Zan sake nema baɗi."

"In na sake ji, zan sake rubutawa fa."

"Na sani," in ji shi. "In ba haka ba me zan yi da ke?"

Tokie ta sa hannun riga ta rufe fuska. Jirgi na tara ke nan da ta ɗaure wa kaya, kuma shi kaɗai ne ba ta ga tashinsa ba.