Shida da ɗigo bakwai

Shekara ashirin da shida Yayata ta yi tana kula da firjin ajiyar ruwan jini a asibiti. Sau biyu a rana take duba ma'aunin sanyi ta rubuta a littafi. Har tsokanarta muke yi, wai firjin ne mijinta na fari.

Dokar ɗakin ɗaya ce: in sanyin ya ja baya da fiye da maki biyar tsakanin awo biyu, abin da ke ciki ya tashi aiki.

Ranar da za a yi wa Babanmu tiyata, leda biyu kacal suka dace da jininsa, suna cikin firjin nan. Na je karɓa da azahar, na same ta tsaye, biro a hannu. Ashe robar ƙofar firjin ta saki. Da safe ma'aunin ya nuna 24.6 ƙasa da sifili, yanzu 17.9 ƙasa da sifili.

Na ce, "To mene ne? Lamba ai raguwa ta yi, ba ƙaruwa ba. Miƙo mini!"

Ta ce, "Auta, kamar rijiya ne. Da safe muna can ƙasa, yanzu mun hauro." Ta rubuta a gabana: −17.9 − (−24.6). "In kika ɗebe abin da ke ƙasa da sifili, ƙari kika yi. Ɗumi ya hau da shida da ɗigo bakwai."

"Haba Yaya! A kan ɗaya da ɗigo bakwai da ya ɗara maki biyar ɗin? Wa zai sani? Baba ne fa!"

"Don Baba ne ma ba zan bayar ba."

Wallahi na zage ta, zagin da har yau nake jin kunyarsa. Ta kwashe ledojin ta sa a bokitin zubarwa. Aka ɗage tiyata zuwa jibi, kafin a kawo wasu daga nesa. Baba bai kai jibin ba, Allah ya jiƙansa.

Shekara guda ban taka gidanta ba. Ita kuwa ko fashin kwana ɗaya ba ta yi ba bayan zaman makoki.

Da ta yi ritaya na je taya ta kwashe kaya. Na buɗe littafin shekarar, na nemo ranar, don a raina ina fata ta yi kuskure. Na sake lissafin har sau uku, daidai yake. A wurin ɗigon nan na 6.7, biron ya huda takardar har shafi uku.