Matar da Ta Ƙi Yarda da Maganar Baba

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ta ajiye tire a bakin ƙofa, ta tsaya tana yi wa kowa kallon wanda ya ɓoye wani abu. Makulli, agogo, ɗan kunne, duk a zuba a tire. Maganaɗisun na'urar ba ya wasa da ƙarfe, ita kuwa ba ta yarda da bakin kowa. Shekara ashirin da shida ke nan, har abokan aikinta suka laƙaba mata Sake-Duba. Wannan watan take ritaya.

Ni ma da farko ban yarda da ita ba. Na kai mahaifina wani bincike kan mantuwa, inda ake auna hifokamfas, ɗan sashen ƙwaƙwalwa da ke taimaka wa mutum riƙe abin da ya faru da shi. Takarda ta tambaya ko akwai ƙarfe a jikinsa. Baba ya ce babu, na sa hannu.

Ta karanta, sai ta kama hannunsa tana juyawa. Duk tsofaffin tabon ƙuna ne.

"Baba, wace sana'a ka yi?"

"Tela ne ni, 'yata."

Ta juyo gare ni. "Kafin ɗinkin fa?"

"Anti, ai ya faɗa miki," na ce, raina a ɓace. Na ɗauka wani nata take so ta cusa a layinmu.

"Mantuwa ce ta kawo shi. Yaya zan dogara da abin da ya tuna?"

Likitan binciken ya leƙo yana ƙorafin lokaci, ta ce ba za ta kunna ba. Dole na kira gwaggona a waya. Ashe Baba ya yi walda shekara huɗu kafin a haife ni. Aka yi masa hoton ido, sai ga ɓarɓashin ƙarfe kamar ƙwayar yashi a idon hagu. Likitan ya ce da ya shiga, maganaɗisun na iya motsa shi ya tafi da idon. Kunya ta rufe ni, ko haƙuri ban iya ba ta ba.

Anti, yau nake bayarwa. Ke ce mai zargin da ke ceto, ke ce kika sha harara don idon wani. Na gode, Allah ya saka da alheri. Masu gadon kujerarki su koyi tambaya ta biyu, ko da za a ji haushinsu.

Yanzu Baba ba ya tuna sunana. Amma idan na shigo, da idanunsa biyu yake dubana, ya matsa mini in zauna.