Tabon da ke Madubin Hidde

Yayana Hidde Bruinsma ya yi shekara talatin da takwas yana loda ƙanƙara a jiragen kamun kifi a tashar Harlingen, amma ba da wannan mutanen garinmu suka san shi ba. Da tsuntsaye suka san shi. Ba ma tsuntsayen kirki ba, kob, fararen nan na bakin teku masu ihu, da ke fizge soyayyen kifi a hannun mutum sannan su ɓata masa mota. Kowa korarsu yake yi. Hidde kuwa zoben ƙafarsu yake karantawa.

Masu bincike kan sa wa 'ya'yan kob zoben roba tun suna sheƙa, kowane da haruffa da lamba. Wanda ya hango zobe sai ya rubuta ya aika, a dawo masa da tarihin tsuntsun, inda aka ƙyanƙyashe shi da duk inda aka taɓa ganinsa. Ba a biyan kowa. Hidde ya fara tun bai kai talatin ba, da wani madubin hangen nesa na ƙarfe mai nauyin tsiya da ya saya a hannun wani ma'aikacin jirgi ɗan Poland. Kullum da ido ɗaya yake leƙawa, na dama, don na hagun tun muna yara ba ya gani sosai.

Bai yi aure ba. An yi wata Renske mai aiki a gidan burodi, har an fara maganar neman gida. Wata Asabar ya bar ta tsaye a tashar jirgin ƙasa awa biyu, saboda wani tsuntsu ya ƙi juyo da ƙafarsa. Ta auri wani mai gyaran famfo. Ni ce ƙanwarsa, Aukje, layi biyu ne tsakanin gidajenmu, kuma ni nake kai masa miyar wake duk Alhamis in sanyi ya shigo.

Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne. A shekara arba'in da ya yi yana aika lambobi, Sybren, mai riƙe da kundin ƙungiyarsu, bai taɓa dawo masa da ko ɗaya a kan kuskure ba.

A kakar da ya cika saba'in da ɗaya na kai miya na tarar ya kwance madubin a kan teburin cin abinci, yana goga da tsumma.

Ya ce, "Danshi ya shiga ciki. Akwai tabo a tsakiya, daidai inda lamba take faɗawa."

Na ce, "Wannan abin ai ya girmi 'ya'yana. Ka jefa shi teku ka sayi sabo."

"Da kuɗin wa? Naki?"

Fanshonsa ba wani abin kirki ba ne. Ya zauna ya yanke cewa yuro ɗari huɗu zai iya fitarwa, ba ƙari. Mako uku ya yi yana bincike kamar mai shirin sayen gida. Ya tara mujallu, ya tambayi duk wanda ya gani da madubi a kan ganuwar teku. Ya ce mini mai faɗin gilashi ya fi tara haske a ranar hadari, amma nauyinsa zai karya masa kafaɗa a kan keke. Ya ce masu arha duk suna yin kyau in ba a matsa musu ba, amma da ka murɗa su zuwa ƙarshe sai hoto ya yi duhu, gefen farin tsuntsu ya yi shuɗi-shuɗi. Ya fi son mai lanƙwasasshen wuya, wanda ake leƙawa ta sama, don bayansa ya daina jure sunkuyo. Lallai kuma ya zama ruwa ba ya shiga. Na saurara har kunnena ya gaji.

Wata Talata a watan Oktoba na ɗauke shi a mota zuwa Leeuwarden, wani shagon kayan kallon tsuntsaye a bayan kasuwa. Mai shagon mace ce, Marrit, ba ta wuce arba'in ba. Ta san sunansa, abin da ya yi masa daɗi duk da ya ɓoye. Ta kafa madubai uku a bakin ƙofa, kowane a kan ƙafafunsa uku, ta saita su ga wani allo da ke jikin bene a can ƙarshen titi, mai ƙananan rubutu.

Ta kira shi da Meneer, wato Malam a harshenmu, ta ce, "Meneer Bruinsma, duk ukun suna cikin kuɗinka. Shawarata, kada ka zuba komai a madubi ka bar ƙafafu. Iskar Harlingen ba ta da mutunci. Madubi mai kyau a kan ƙafa mai rawa ba shi da amfani."

"Na sani. Ina nan ina karatun zobe kina makarantar firamare."

Ya leƙa na farko, ya murɗa, ya daɗe. Ya ɗago.

"Wannan da datti a ciki."

Marrit ta goge gilashin gaba da na baya. Ya sake leƙawa, ya girgiza kai, ya koma na biyu. Shi ma haka. Da ya kai na uku sai ya yi tsaki.

"Shi ya sa suke arha. Duk tabo ɗaya, a wuri ɗaya. Ga shi kuma suna lanƙwasa abu, ki duba sandar fitilar can, ta zama kamar maciji."

Marrit ta leƙa. Ta kira ni, na leƙa. Allon na nan tangaran, har lambar wayar da ke ƙasa na karanta, sandar kuma a miƙe take. Ta shiga ciki ta fito da wani madubi daga cikin akwatin gilashi, irin wanda kuɗinsa ya fi na motata, ta kafa masa. Hidde ya sa ido. Ina kallon wuyansa daga baya. Ya fi minti biyu bai motsa ba.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Tabon na nan?"

Ya ci gaba da leƙawa. Marrit ta matso kusa da shi.

"Meneer Bruinsma, ni ba likita ba ce. Amma mahaifiyata haka ta fara. Ka rufe idon hagu ka dubi bakin ƙofar nan, ba madubi. In ya lanƙwashe, don Allah kada ka bari makon nan ya wuce."

Ya ce, "Madubi na zo saya. Na tsakiyan nan, da ƙafafun. Nawa?"

Ta ce ba za ta so ta sayar masa a yau ba, ya je ya dawo. Ya ce in ba ta so akwai wani shagon a Groningen. Ta naɗe masa, ta rubuta a takardar cewa zai iya dawo da shi har wata biyu, abin da ba ta yi wa kowa.

A mota na ce, "Gobe zan kira asibiti."

"Ki kira wa kanki. Ke da kika kusa taka mai keke ɗazu."

"Hidde, na ga allon. Ba tabo."

"Me kika sani game da gilashi? Tuƙi kawai za ki yi."

Na yi shiru, kuma wannan shirun ne nake dawowa kansa har yau. Na san halinsa, in aka matsa masa sai ya ƙara taurin kai, sai na ce bari in ba shi kwana biyu. Kwana biyun suka zama wata uku. Duk Alhamis in tayar da maganar, ya ce madubin ya fara washewa, sabo ne, sai a hankali. Kullum da safe yana kan keke zuwa bakin tasha, madubi a baya. Yana aika lambobi kamar da.

Farkon Fabrairu wasiƙar Sybren ta zo. Hidde ya miƙo mini ya ce in karanta masa, wai ya ajiye tabaransa a sama. Tabaran kuwa na aljihun rigarsa.

Sybren ya yi rubutun da ladabi. Ya ce tsuntsun da Hidde ya ba da rahoton gani ranar sha huɗu ga Disamba an tsince shi matacce a Portugal shekara huɗu da suka wuce, zoben ma yana cikin aljihun teburinsa. Akwai wasu shida kuma da lambobinsu ba su dace da kowane zobe da aka taɓa sa wa ba. Ya tambaya ko sabon madubin ne ke ba shi matsala.

Na gama na ajiye takardar. Hidde na zaune, hannuwansa biyu a kan tebur.

Ya ce, "Bakwai."

"Haka ya rubuta."

"Rabin lambar nake gani. Sauran rabin in cike da ka. Na ɗauka na san su." Ya ture takardar gefe. "Tun Agusta sandunan jirage suka fara karkacewa. Kafin madubin."

Washegari muka je asibiti. Likitar ta ɗauki hoton cikin idon, ta nuna mini a allo tunda shi ba zai gani ba. Jijiyoyi sun zubar da jini a daidai cibiyar gani, wurin ya warke da tabo. Ta ce za a riƙa yi masa allura a cikin idon duk wata don a tsare abin da ya rage a gefe, amma tsakiyar ta tafi. Hidde ya tambaye ta kai tsaye ko da ya zo a watan Oktoba da an yi wani abu. Ta ce babu tabbas. Ya sake tambaya. Ta ce mai yiwuwa da an ceto da yawa.

Na ce masa mu mayar wa Marrit madubin ko za ta karɓa duk da lokaci ya wuce. Ya ƙi. Ya ce ni zan zama idonsa.

Sau uku muka gwada. Shi zai kafa ƙafafun, ya saita wajen da yake jin ihun tsuntsayen, ni in leƙa. Ina da shekara sittin da biyar, yatsuna sun ƙage da sanyi, idona na ruwa. Kafin in samo ƙafa ɗaya cikin ɗari, tsuntsun ya tashi.

"Wace kala?"

"Rawaya, ina jin. Ko fara mai datti."

"Kina jin. Daga sama za ki karanta ko daga ƙasa?"

"Ban sani ba, Hidde, ya zauna a kan ƙafar."

"Sai ki jira. Shekara arba'in ina jira, ke minti biyar ta gagare ki. Da kare na zo da shi da ya fi ki amfani."

A karo na uku na bar shi tsaye a kan ganuwa na koma mota. Na zauna ina kallonsa ta gilashi yana lalubar maɓallan ƙafafun, iska na kaɗa masa riga. Sai da ya gama naɗewa da kansa na fita na karɓa. Ba mu sake zuwa ba, ba mu kuma sake maganar ba.

An hana shi hawa keke, ya ci gaba da hawa. A watan Mayu ya daki wani turken ƙarfe na ɗaure jirgi, wanda yake wucewa ta gefensa tun yana saurayi. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Daga asibiti bai koma gidansa mai matakala ba. Aka samo masa ɗaki a wani gidan tsofaffi a Franeker, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci.

Kafin in sallama gidansa na Harlingen, Sybren ya roƙa a ba ƙungiyar littattafan da Hidde yake rubuta lambobin zobe a ciki. Guda sittin da uku ne, ƙanana masu baƙin bango, duk rubutun fensir. Na loda su a kwali biyu na kai Franeker, don Hidde ya ce shi zai miƙa da hannunsa. Sybren ya zo da kek ɗin lemu, ya zauna a bakin gado yana ta yabo, yana cewa babu wani a duk gaɓar nan da ya tara irin wannan.

Hidde ya ce, "Aukje, ɗauko na ƙarshe. Nemo shafin ranar ɗaya ga Agusta."

Na nemo.

"Akwai almakashi a aljihun teburin. Daga nan zuwa ƙarshe, ki yanke."

Sybren ya ce ba sai an yi haka ba, za su sa alama kawai, kuma da yawa a ciki daidai ne.

"Wanne ne daidai? Ka sani? Ni ban sani ba. Yanke, Aukje."

Na yanke. Shafi ashirin da wani abu ne. Ya karɓa ya shafa su da yatsa ya tabbatar, sannan ya ce in zuba a kwandon shara na waje, ba na ɗakin ba. Sybren ya ɗauki kwalayensa ya tafi, bai ko taɓa shayin da na zuba masa ba.

Madubin na sayar wa wata malamar makaranta a Sneek, rabin kuɗinsa. Ta yi murna, ta ce kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Hidde bai tambaye ni inda ya shiga ba.

Shekara biyu ke nan yana Franeker. Ya daina yarda a kai shi allura, ya ce wahalar ta fi amfanin. Masu kula da shi sun ce ba shi da rigima, yana cin abin da aka ba shi, amma ba ya sauka ɗakin taro. Makon jiya na tarar an juya masa kujera tana kallon bango. Na tambayi ma'aikaciyar, ta ce shi ya nema, wai hasken taga na damunsa. Na zauna da shi awa ɗaya. Ya tambaye ni ko an gyara rufin gidana, na ce an gyara. Da ƙarfe huɗu aka shigo da shayi, na tashi don kada bas ta wuce ni, tunda ranar ban zo da mota ba.