Majimfar Ranau

Da bazarar nan shekara tara ke nan da muka binne taubashina Ranau a bayan gidansa, can wani ƙauye kusa da Ƙarfi. Ni fatauci ya ɗauke ni tun ina saurayi, na ci tuwon Bida, na taka har Gwanja. Shi kuwa ko a Maska bai taɓa kwana ba. In na dawo da jakuna ina zuba labari, sai ya ce, "Kai baƙin yawo, duk inda ka je dai nan kake dawowa cin kifina." Ni kuma in ce masa Bamagujen da bai san gabas ba sai rana ta fito. Haka muke.

Kifin nan majimfa ke kawo shi. Don wanda bai san ta ba, ɗan itace ne da bai wuce tsawon mutum ba, ganyenta da gashi-gashi, furenta fari tas. Uwarsa ta zo da irin daga ƙasar Gwari, shi kuma ya kewaye gidansa da ita. Ba a cin ta. In akuya ta yi kaska, a daka ganyen a wanke ta da ruwan. Amma babban aikinta sai bazara, in rafi ya yanke ya bar gurabe. Mata su daka, a zuba a kwando, Ranau ya shiga ruwa yana jan kwandon. Jim kaɗan kifi ya bugu ya taso, ciki sama, kowa ya kwashi rabonsa. Tarwaɗa, karfasa, har gidan mai gari.

Gurbi ɗaya ne ya hana a taɓa, wani mai zurfi a gindin dutse. Mutane suka ce iskokin gidansu ne a ciki, shi kuma bai musa ba. Wata rana na tsare shi na ce, "Ranau, tsakani da Allah, me ke cikin ruwan nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Kifin baɗi. In na faɗa masu haka, gobe za su kwashe. Gara su yi ta jin tsoro."

To, ya mutu, tsoron ya bi shi. Samari suka ce ai tsafin arna ne, babu wani iska a gurbin. Gaskiyarsu kuwa, babu. Suka tsige shingen nan har ƙasa-ƙasa, suka antaya wa gurbin gaba ɗaya. An ce ranar har kare ya ƙoshi. Abin da ba a iya kwashewa ba ya ruɓe, wari ya kori Fulani da shanunsu daga mashaya. Damina ta zo ta wuce, rafi ya cika, amma ko ɗan tsakon kifi babu. Har bana ba su bar ruwan ya huta ba, duk ɗan abin da ya gangaro sai sun nemo majimfa a wani wuri sun bi shi da turmi.

Da kifi ya ƙare sai aka nemi mai laifi, aka samu wanda ba zai tashi ya yi musu ba. Mai gari ya sa a sare majimfar, wai ita ta kashe rafi. Waɗanda suka fi kowa cin kifinsa su ne a gaba da gatari. Ina Bida aka yi wannan, na dawo na tarar da kututture.

Da Ranau zai leƙo yau, ba na jin zai yi faɗa. Zai tsaya ne a bakin dutsen nan ya ce, "Duk wayon naku ke nan?" ya koma ya kwanta.

Me ya rage nasa? Sunansa, amma da ma bai rage ba. Yanzu a ƙauyen duk ruwan da ya kwanta ya yi wari, "ruwan Ranau" ake ce masa. Ran kasuwar da ta wuce na ji wata matar aure a bakin rijiya ta shinshina guga ta zubar, ta ce, "Tir, ruwan Ranau!" Na tambayi na kusa da ni ko 'yar gidan wa ce.

Jikarsa ce.