Tsohuwar da Ta Ce Ba Ta Iya Karta Ba

Jirgin ruwan garin Iquitos na tafe cikin zafin rana, Baltazar kuwa ya kasa ɗauke ido daga tsohuwar da ta zauna a teburinsu na cacar kartar poka. Baƙar riga ce a jikinta, ga carbi a wuya, tana ta cewa marigayi mijinta ne gwani, ita kallo ta saba.

Amma ba ta ɗaga kartarta kamar 'yan koyo. Kifa ta take yi, ta ɗage kusurwa da farce, sau ɗaya tak. Baltazar na raya wa ransa cewa wannan hannun ya talauta magidanta.

Ta yi ajiyar zuciya, ta ƙara zubi kaɗan, daidai wanda ba zai kori kowa ba.

"Iya, ki rage kuɗin kyandirin coci mana," in ji Eusebio, mijin ƙanwar Baltazar, yana tura agogonsa tsakiya.

Baltazar ya taka masa ƙafa don ya gargaɗe shi, amma Eusebio bai kula ba.

Ta zuba kuɗi daidai darajar agogon, ta shimfiɗa karta huɗu masu hoton sarki, waɗanda suka doke na kowa.

"Ɗana, masu gemun nan suna da wani amfani kuwa?"